“Shekara Shida A Kan Haƙori Kawai?”



Duk wanda ya taɓa riƙe sakataren ƙungiya ya san littafin taro ba ya ɗaukar komai da komai. Mutane su yi awa biyu suna ja-in-ja, wani ya yi fushi, wani ya ba da haƙuri, kai kuma ka taƙaita shi a layi ɗaya. A zaman kwamitinmu na ilimi da ya gabata, abin da na rubuta shi ne an amince a tallafa wa ɗaliba ɗaya da ta samu gurbin karatun likitan haƙori a Jami'ar Maiduguri. Amma kafin a kai ga wannan layin an yi zama biyu, na yi zirga-zirga tsakanin Jimeta da Yola, na kuma ji kunyar da na daɗe ban ji irinta ba. Na nemi izinin mahaifin yarinyar kafin in rubuta wannan, ya ce in rubuta amma kada in kama suna.

Mahaifin nata maƙwabcinmu ne tun muna yara, yanzu yana da rumfar atamfa a babbar kasuwar Jimeta. Da ya zo gaban kwamiti, ba kuɗin rajista ya nema ba. Cewa ya yi a taimaka masa da kuɗin fom ɗin JAMB da na lasin, yarinya za ta sake zama baɗi. Shugaba ya ce, “Alhaji, ba mun ji an ce ta samu ba?” Ya ce ta samu, amma ba abin da ta nema aka ba ta ba. Likita ta cike, sai aka tura ta ɓangaren haƙori. Sannan ya juyo gare ni ya ce, “Sakatare, kai da ka yi boko ka gaya mini. Shekara shida a kan haƙori kawai? Wanzamin unguwarmu kafin shayi ya huce ya cire shi.”

Aka yi dariya, har da ni. Wani dattijo ya ƙara da cewa gara ta yi aikin jinya, aƙalla za ta karɓi haihuwa. Ma'ajinmu ne kaɗai ya ƙi, ya ce gurbin jami'a ba abin da ake mayarwa ba ne a wannan zamani, kuma babu wanda ya ba mu tabbacin baɗi za ta fi bana. Da magana ta ƙi ƙarewa, shugaba ya ɗage ta zuwa mako biyu, ya ɗora mini aikin in je in bincika mene ne wannan karatu, me kuma yake kai yara cikinsa.

Na fara da wani ƙaninmu ɗan unguwa da ya gama wannan karatun, yanzu yana aiki. Na same shi da yamma bayan ya tashi, na tambaye shi kai tsaye: kai da kanka ka zaɓa, ko kai ma tura ka aka yi? Ya yi murmushi ya ce, “Hamma, tura ni aka yi. A ajinmu ma da yawa haka ne.” Ya bayyana mini yadda abin yake. Darussan JAMB ɗaya ne ga mai neman likita da mai neman haƙori, wato Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, maki kuma a kan 400. Hukumar MDCN mai rajistar likitoci ita take ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. To idan yaro ya ci maki mai kyau amma kujerun MBBS sun cika, sai a ba shi abin da yake kusa. Wanda aka ba haƙori ma yana cikin masu sa'a, don shi ma gurabensa kaɗan ne.

Na ce to me ya sa yaranmu ba sa cike shi da kansu tun farko? Ya ce, “Hamma, kai shekararka nawa ka fara ganin likitan haƙori?” Na yi lissafi, na haura talatin. Ya ce to ai ka ba kanka amsa.

Kuma gaskiyarsa ne. Makarantar likitan haƙori ta farko a Najeriya a Jami'ar Legas aka buɗe ta a 1966, sannan Ibadan da Ife da Benin suka biyo. Shekaru da yawa duk suna kudu. Sai daga baya Jami'ar Maiduguri ta buɗe nata, Jami'ar Bayero ta Kano ta biyo baya. Mu da muka tashi a Jimeta mun san likita, mun san nas, mun san malamin asibiti mai allura, mun san unguwarzoma. Idan haƙori ya motsa kuwa, kanumfari ne da ruwan gishiri mai ɗumi, in ya ƙi sai kemis, in ya ƙi sai wanzami. Yaro ba ya mafarkin aikin da bai taɓa ganin mai yin sa ba. Malaman sakandare ma idan sun ga yaro mai ƙoƙari a Bayoloji, “Dakta” suke kiransa, kuma kowa ya san wane dakta ake nufi.

Ya kuma gyara mini wani kuskure da na daɗe da shi, wai karatun haƙori sauƙi ne da shi. Shekarun farko tare suke zama da 'yan MBBS, aji ɗaya, malamai ɗaya. Suna karanta sassan jikin mutum, har da aikin gawa a ɗakin gwaji, suna karanta yadda jiki yake aiki, da cututtuka, da magunguna, suna kuma zagayen ɗakunan marasa lafiya da na tiyata. Bayan duk wannan ne suke komawa nasu ɓangaren, inda ake koya wa hannu aiki: a sassaƙa haƙori da kaki, a yi ciko a bakin kan roba wata da watanni kafin a yarda ka taɓa bakin mutum. Shekara shida in babu yajin aiki, a ba ka digirin BDS, ka yi shekara guda ta horo a asibiti, sannan hidimar ƙasa. Ya ce akwai waɗanda suka shigo da tunanin sun samu hanya mai sauƙi, jarabawar shekara ta uku ta sallame su.

Washegari na je gidan Alhaji don in ji daga bakin yarinyar. Mahaifiyarta ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ita kuma ta zauna daga gefe, kanta a sunkuye. Na zata zan tarar da mai kuka tana neman a ba ta dama ta sake jarabawa. Ta ce ta yi kukan, kwana uku. Amma yanzu ita tana so ta tafi, Baba ne bai yarda ba.

Na ce me ya canza?

Ta ce, “Baffa, ka tuna ciwon Baffa Babba?”

Yayana take nufi, wanda nake bi. Direba ne, a lokacin yana jigila tsakanin Yola da Mubi. Shekara tara ko goma ke nan. Turminsa na ƙasa ya yi kogo, ya daɗe yana fama. Ya sa kanumfari, ya sha ƙwayoyin kemis har ba sa yi masa komai, wani a tasha ya ba shi shawara ya ɗiga ruwan batir a kogon, ya kuma ɗiga. A ƙarshe wani mai cire haƙori a gefen hanya ya kama shi da filaya, kan haƙorin ya karye, saiwar ta zauna a ciki. Kwana uku bayan nan ƙasan haɓarsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako. Baki ya ƙi buɗuwa, yawu ya ƙi haɗiyuwa, harshensa ya taso sama, muryarsa ta canza. Mu kuma muna ta shafa masa magani muna cewa iska ce ta buge shi. A daren da ya fara zama a tsugune yana jan numfashi da ƙyar, don ba ya iya kwanciya, muka sa shi a Keke Napep zuwa asibiti.

Ba zan manta likitan da aka kira a waya cikin daren nan ba. Ya zo, ya duba, ya ce mana mugunya ce ta taru daga saiwar haƙorin ta bi ƙarƙashin harshe, kuma in ta ci gaba za ta toshe hanyar numfashi. Aka shiga da shi, aka tsaga ƙasan haɓar aka fitar da abin da ya taru, aka zaro guntun saiwar, aka ɗora shi a kan ruwa da allurai. Ya kusa mako biyu a kwance. Da aka sallamo shi, kunu kawai yake iya sha, shi ma da tsinken roba. Yarinyar nan, lokacin ba ta wuce shekara takwas ko tara ba, ita mahaifiyarta take aikowa da kunun kowace safiya.

Ta ce tun ranar ta ƙudurta a ranta irin likitan nan za ta zama. Shi ya sa ta cike MBBS, don a zatonta wanda yake tsaga wuyan mutum ya cece shi nan ya karanta. Sai bayan an ba ta haƙori, tana cikin ɓacin rai, ta je sashen haƙori na asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, tsohon FMC, don ta ga da idonta abin da ake son ta zama. Can ne wata ma'aikaciya ta gaya mata cewa masu irin wannan tiyatar ta muƙamuƙi da fuska, da haƙori suke farawa. BDS suke yi, sannan su ƙara shekarun ƙwarewa.

Jama'a, ni ne na sa hannu a takardar tiyatar nan. Ni na tsaya a bakin ƙofa har asuba. Shekara goma ina ba da labarin “babban likitan tiyata” da Allah ya ceci yayana ta hannunsa, ban taɓa sanin likitan haƙori ba ne. Kuma ni ne na yi dariya a taro da aka kwatanta aikin da na wanzami.

Da na koma wajen ƙanin namu na ba shi labari, bai yi mamaki ba. Ya ce irin wannan kumburin suna ganinsa a kai a kai, kuma ba kowa ake kawowa da sauran lokaci ba. Ya lissafa mini abin da yake zuwa hannunsu wanda mutane ba sa dangantawa da haƙori: muƙamuƙin da ya karye a hatsarin mota ko babur, ƙari a cikin ƙashin baki da yake girma shekara da shekaru har fuska ta karkace, jariran da ake haifa da tsagaggen leɓe ko ganda, ciwon daji na baki. Sannan ya kawo maganar cutar noma, wadda na ɗauka da farko maganar gona yake yi.

Ba ta da alaƙa da gona, sunanta ne haka a asibiti. Cuta ce da take kama ƙananan yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Daga dasashi take farawa, ya kumbura, ya riƙa jini, baki ya yi wari. Cikin 'yan kwanaki sai ta huda kumatu, ta ci leɓe, ta ci hanci, ta kai ga ƙashi. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa rayuwa, wanda ya rayu kuma sai ka ga an ɓoye shi a ɗaki saboda fuskarsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, idan aka gane ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Wato tsakanin yaro da rasa fuskarsa, wani lokaci mutum ɗaya ne da ya san ya buɗe bakin ya duba. A Sakkwato akwai asibiti sukutum na wannan cuta tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki tare da su, ana yi wa yara tiyatar gyaran fuska kyauta. Najeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, aka kuma sa ta a Disambar 2023. Mu a nan da muka karɓi dubban 'yan gudun hijira a 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, mun ga yadda yunwa take yi wa yara, bai kamata wannan ya zama baƙon labari a wurinmu ba.

Kada in sa ku ɗauka duk ɗalibin haƙori tausayi ne ya kai shi. Ta hannun ƙanin namu na yi waya da wasu ɗalibai uku, kuma ba su ɓoye mini ba. Ɗaya ya ce shi lissafi ya yi: likitocin haƙori kaɗan ne, in ka samu kujerar aiki da kayanta ka kama shago, kai ne mai gidan kanka, ba sai ka jira albashin gwamnati ba. Na ce kujerar nawa take? Ya yi dariya ya ce wannan kuma sai Allah ya hore. Wata ta ce ta duba rayuwar yayarta mai aiki a ɗakin haihuwa, kwana a asibiti ba iyaka, ta ga ita tana son aikin da mafi yawansa da rana ake yi, ta koma gida wajen iyali. Ta ƙara da cewa akwai matan aure da yawa da suke haƙuri da ciwo don ba sa son namiji ya sunkuya a kan fuskarsu, ko mazan ba sa bari. Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba, amma da na tambayi mai ɗakina ta ce ai ba ƙarya ta yi ba.

Na ukun ya fi ba ni sha'awa. Ɗan wanzami ne, kakansa ma wanzami. Ya tashi yana riƙe wa mahaifinsa zabira, ya ga ƙaho da aski da kaciya, ya kuma ga cire haƙori. Ya ce hannun gado ne, bai raina shi ba, amma ya ga ranar da jini ya ƙi tsayawa, ya ga tsoro a idon mahaifinsa. Shi kaɗai ne cikin waɗanda na yi magana da su ya cike haƙori a fom tun farko. Ya ce mahaifinsa yanzu ya daina cirewa, in an kawo masa sai ya ce a tafi asibiti.

Ni ban ga aibu ba ga wanda ya shiga don neman halali ko don samun lokacin iyali. Ɗan kasuwa ma riba ce take kai shi kasuwa, kuma muna amfana da shi. Inda raina yake ɓaci shi ne wanda al'umma ta yi karo-karo ta ɗauki nauyinsa, yana karɓar lasisi sai a ji shi a Saudiyya ko Ingila, ko aƙalla Abuja, inda masu kuɗi suke biya a jera musu haƙora a faranta su. Na faɗa wa ɗalibin farko haka. Ya ce, “Baffa, in na dawo gida aka tura ni asibitin da ba kujera, ba wuta, ba kayan ciko, aikina cire haƙori kawai, me ya raba ni da wanzami?” Ban ji daɗin amsar ba, amma ban samu abin mayar masa ba.

A zama na biyu na kawo wa kwamiti duk abin da na ji, har da labarin yayana, wanda rabin mutanen ɗakin sun je duba shi a lokacin. Dattijon da ya ce gara aikin jinya ya yi shiru, can ya ce shi ma ya tuna, har ya ɗauka ba za a fito da shi da rai ba. Wani ya kawo shawarar a sa wa yarinyar sharaɗi a rubuce cewa za ta dawo Adamawa ta yi aiki. Ma'aji ya ce takardar da ba za mu iya kai kowa kotu a kanta ba, ɓata tawada ce. Aka tsaya a kan cewa duk hutun ƙarshen shekara za ta zauna da ɗalibanmu na ajin ƙarshe a sakandare ta gaya musu abin da take karantawa, kafin su cike fom. An kuma ce ni in nemi likitan haƙori ya zo ya yi wa iyaye mata bayani ranar 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya, musamman kan duba dasashin yara.

Alhaji bai ce komai ba har aka kusa tashi. Da ya buɗe baki sai ga ainihin damuwarsa ta fito, ashe haƙorin ba shi kaɗai ba ne. Yana tsoron hanyar Maiduguri. Yana lissafin shekara shida da horo da hidimar ƙasa, yarinya mace, ga surutun dangi. Kan hanya, shugaba ya ce akwai 'ya'yan 'yan ƙungiya biyu da suke karatu a can, za a haɗa su su riƙa tafiya tare, da rana, ba sa kwana a hanya. Kan dangi kuwa babu abin da kwamiti zai iya yi masa. Daga ƙarshe ya tambaya, a hankali, kamar mai jin nauyi, “To in ta gama, Dakta za a riƙa ce mata?” Muka ce Dakta za a ce mata, kuma hukuma ɗaya ce take ba su lasisi da sauran likitoci. Ya ce to Allah ya sa albarka.

Abin da muka iya bayarwa ya rufe rajista da ɗakin kwana na shekarar farko ne kawai. Nan gaba akwai kayan aikin hannu da ɗalibi yake saya da kuɗinsa, kuma an gaya mini ba su da araha. Wanda Allah ya hore wa ya ga ma'aji.

Bayan an watse ina tattara takardu, sai ga Alhaji ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa har kowa ya fita. Ya dafa kuncinsa na hagu ya ce, “Sakatare, ƙanin nan naka, wace rana yake zama? Akwai wani turmi a nan, shekara biyu ke nan da gefe ɗaya nake tauna.” Na kira shi nan take a gabansa. Ya ce ya zo Talata da safe, kuma kada ya ɗiga komai a ciki kafin nan.